Me ya sa labarin kisa a ƙauyen Ingila lokacin yaƙi yake kwantar da hankali?

Wata malama, ma'aikaciyar jinya, ta aiko da tambaya. Ta ce ƙanwarta da ke karatu a Ingila ta kawo mata tsarabar littattafai huɗu, duk na binciken kisan kai, kuma duk labarin yana faruwa ne a wani ɗan ƙaramin gari a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Tun da ta fara karanta su a dararen da take aikin kwana ta kasa ajiyewa, har takan ji hankalinta ya kwanta. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, yaya za a yi labarin da ya haɗa kisa da yaƙi ya zama abin sanyaya rai? Ko dai akwai abin da ke damun masu son irin wannan karatu?

Malama, lafiyarki ƙalau. Na fi shekara ashirin ina karanta irin waɗannan littattafai, ina kuma koyar da su, kuma kusan duk ɗalibin da ya kamu da son su sai ya zo mini da wannan tambayar cikin ɗan jin nauyi, kamar wanda aka kama yana dariya a gidan makoki.

Turawa suna kiran wannan nau'i da wata kalma, kozi, wadda ke nufin ɗumin da mutum ke ji idan ya lulluɓa da bargo kusa da wuta alhali a waje hunturu na kaɗawa. Ni a aji ina ce musu labaran gindin murhu. Akwai alkawari tsakanin marubucin da mai karatu tun daga shafin farko. Za a kashe mutum, amma ba za a shimfiɗa miki jini da hanji ba. Wurin ƙarami ne, ana iya ƙirga mutanensa. Mai bincike yawanci ba ɗan sanda ba ne, wani ne daga cikin jama'a, tsohuwa mai saƙa, ko matar limamin coci, ko mai aikin gidan waya. Duk alamar da ya gani za a nuna miki ita, kuma a ƙarshe za a faɗi sunan wanda ya aikata. A 1929 wani limamin Katolika mai suna Ronald Knox, wanda shi ma marubuci ne, ya jera ƙa'idoji goma na wannan sana'a. Daga ciki akwai cewa dole mai laifin ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, kuma ba a yarda aljani ko tsafi ya warware matsalar ba, ba a kuma yarda mai bincike ya gano gaskiya bisa sa'a kawai ba. Wato wasa ne mai doka, kamar dara.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a cikin yaƙi aka haifi wannan nau'in. Littafin farko na shahararriyar marubuciyar Ingila Agatha Christie, The Mysterious Affair at Styles, ta rubuta shi ne a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya fito a 1920. Tana aiki a lokacin a ɗakin haɗa magani na wani asibitin sojoji a garinsu, Torquay, a nan ta san guba da ma'auninta. Labarin yana faruwa a wani ƙauye a yankin Essex. Mai ba da labarin soja ne da aka sallamo daga fagen daga don ya yi jinya. Mai binciken kuwa, Poirot, ɗan gudun hijira ne daga Beljiyam, ɗaya daga cikin kusan mutum 250,000 da suka tsere zuwa Birtaniya bayan Jamus ta mamaye ƙasarsu. Har tattalin da yaƙi ya tilasta wa gidan, inda ba a zubar da ko guntun takarda sai a tara a buhu, yana cikin alamun da ke kai ga gaskiya. Kin ga ke nan duk kayan haɗin da kika samu a littattafanki huɗu suna nan tun ranar farko.

Ki tuna kuma su wane ne suka fara sayen waɗannan littattafai. A ranar 1 ga Yulin 1916 kaɗai, ranar farko ta gumurzun Somme a Faransa, sojojin Birtaniya sama da 19,000 suka mutu. Cikin dubban ƙauyukan Ingila da Wales, waɗanda dukkan samarinsu suka dawo gida da rai ba su kai 60 ba, har aka sa musu suna na musamman, ƙauyuka masu godiya. Uwaye da yawa ba su ga gawar 'ya'yansu ba, ba su san inda kabarin yake ba, ba wanda zai iya gaya musu hannun wa ya harba harsashin. Mutanen da suka sha wannan ba sa bukatar marubuci ya koya musu kamannin jini. Abin da suka rasa shi ne mutuwar da ke da dalili, wadda za a zauna a bi diddiginta, a ce ga wanda ya yi, ga abin da ya sa.

A ganina nan ne zuciyar amsarki take. Yaƙi yana mayar da mutuwa lissafi. Daga Satumban 1940 zuwa Mayun 1941 ruwan bama-baman Jamus ya kashe farar hula sama da 40,000 a Birtaniya. Idan mutum ya ji adadi irin wannan a rediyo, zuciyarsa ba ta da inda za ta ajiye shi. Sai ga littafi ya zo ya ce, a daidai wannan lokacin an tsinci gawar wata tsohuwa a bayan coci, kuma akwai wanda ya ƙi yarda a jefa ta cikin jimla. Za a shafe shafi ɗari biyu ana tambayar wa ya gan ta ƙarshe, me ta saya a kanti, me ya sa ta bar tocilarta a gida. Mu da muka tashi da ayar da ke cewa wanda ya kashe rai guda kamar ya kashe mutane duka ne, wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Ke ma da kike kwana a ɗakin marasa lafiya kin fi ni sanin bambancin da ke tsakanin a ce gado na bakwai da a kira mutum da sunansa.

Wannan ba a littafi kaɗai ya tsaya ba, ya faru a zahiri. A Yulin 1942 ma'aikatan da ke kwashe ɓaraguzan wata cocin Baftis da bam ya rusa a kudancin Landan suka ɗaga wani faffaɗan dutse a ɗakin ƙasa, suka ga ragowar gawar mace. A birnin da aka yi wata da watanni ana tono gawarwaki daga ƙarƙashin gini, abu mafi sauƙi shi ne a rubuta cewa bam ne ya kashe ta, a binne. Likitan binciken gawa, Keith Simpson, bai yarda ba. Ya lura an barbaɗa wa gawar farar ƙasa, wadda maimakon ta cinye naman sai ta adana shi. Ya duba maƙogwaro ya ga wani ɗan ƙashi a karye, irin karayar da shaƙewa ke jawowa. Aka bi ta haƙoranta har aka samu likitan da ya taɓa yi mata aiki, ya gane ta. Ashe mata ce da ta ɓace tun Afrilun 1941, mijinta kuwa yana gadin gobara a ginin da ke maƙwabtaka da cocin. Ya yi zaton yaƙi zai rufa masa asiri. An rataye shi a Janairun 1943. Duk lokacin da na ba ɗalibai wannan labari ajin yakan yi tsit, domin sukan ga cewa abin da suke ɗauka wasan marubuta ne yana da tushe: akwai mutanen da suka tsaya kan ƙashin wuyan mace guda alhali gari na ci da wuta.

To amma me ya sa ƙaramin gari? Kuma me yaƙi ke ƙara wa ƙaramin garin da zaman lafiya ba ya ba shi? Nan ne sana'ar take, kuma nan na fi jin daɗin magana.

Ƙauye wuri ne da kowa ya san kakan kowa. Marubucin waƙoƙin Ingilishi W. H. Auden ya rubuta wata maƙala a 1948 inda ya amsa cewa karatun irin waɗannan labarai ya zame masa jaraba kamar ta taba, kuma da wuya ya iya karanta wanda ba a karkarar Ingila yake faruwa ba. Hujjarsa ita ce labarin yana bukatar al'umma rufaffiya, mai kamar ba ta da laifi, domin gawar ta zama abin firgita saboda ba wurinta ba ne. Idan aka yi kisa a irin wannan wuri, kowa abin zargi ne, kuma wanda ya yi ba daga sama ya faɗo ba, jiya ma an gaisa da shi a kanti. Da ɗan gari akan ci gari. Matsalar marubuci ita ce ƙauyen da bai motsa ba shekara ɗari ba shi da sirri da yawa. Yaƙi ne ya zo ya tsaga bangon.

Ki duba abin da ya faru cikin 'yan kwanaki. Daga 1 ga Satumban 1939 gwamnati ta kwashe mutum kusan miliyan 1.5 daga birane zuwa karkara, akasarinsu yara, kowane da takardar suna a maƙale a rigarsa da akwatin kwali mai ɗauke da abin kare numfashi daga iskar guba. Aka tara su a ɗakunan taron ƙauyuka, matan gari suna zuwa suna zaɓa, 'yan'uwa wani lokaci a raba su gida daban-daban. Bayansu sai 'yan matan birni da aka turo noma domin maza sun tafi, waɗanda yawansu ya haura 80,000 a 1943. Sai fursunonin yaƙi Italiyawa, daga baya Jamusawa, suna aiki a gonaki. Sai sojojin Amurka da sigari da cakulan da kuɗi a aljihu. Sai ma'aikatan gwamnati da aka ƙwace manyan gidaje aka zuba su ciki, ba wanda ya san aikin da suke yi, kuma tambaya ma laifi ce. Garin da a da baƙo ɗaya ke zama labarin mako guda ya wayi gari rabinsa baƙi ne. Kowa yana da katin shaida, wanda dokar 1939 ta wajabta, amma kati takarda ce, kuma ofishin da ke riƙe da asalin rajistar mai yiwuwa bam ya cinye shi. Mace ta zo ta ce ita bazawarar wani hafsa ce, wa zai ƙaryata? Christie ta gina littafinta na 1950, A Murder Is Announced, a kan wannan. A ciki Miss Marple, tsohuwar da ke binciken, tana cewa shekaru kaɗan baya an san ko wane ne kowa a ƙauye, yanzu kuwa sai dai a karɓi mutum a kan abin da ya faɗa da bakinsa.

Sai duhu. Tun daren farko aka hana ko ƙyallin haske ya fita daga taga. Baƙin labule a kowane gida, fitilun titi a kashe, fitilar mota a rufe sai ɗan tsagi, tocila a lulluɓe da takarda. A watan farko mutanen da mota ta kashe a hanya sun ninka na shekarar da ta gabata. A 1940 aka tuge allunan da ke nuna hanya don kada su taimaki abokan gaba, aka kuma hana kaɗa ƙararrawar coci sai in Jamusawa sun sauka. Ga marubuci wannan taska ce. Shaida ya ji takun mutum amma bai ga fuska ba. Mai sintirin da ke zagayawa yana duba tagogi shi ne kaɗai ya san gidan da aka kunna fitila da ƙarfe biyun dare. Jiniya ta yi kuka kowa ya ruga rami, to wa aka rasa a ramin? Ƙarar harbi ta ɓace cikin ƙarar bindigogin kakkaɓo jirage.

Amma abin da na fi so shi ne rabon abinci. An fara shi ranar 8 ga Janairun 1940 da man shanu da sukari da naman alade. Daga Yuli aka haɗa da shayi, giram 57 ga mutum a mako. Ƙwai ɗaya a mako, in an samu. Tufafi da kati daga 1941, sabulu daga 1942. Man fetur kuwa tun watan farko. Ki yi tunanin abin da wannan ke nufi ga mai ido. Matar da ke zaune ita kaɗai amma tana sayen burodin mutum biyu. Kek a kan tebur wanda ba zai yiwu da ƙwai ɗaya ba. Safar nailan a ƙafar yarinyar da albashinta bai kai ba. Motar likita da aka gani a hanyar da babu mara lafiya, alhali kowane galan a lissafe yake. A zaman lafiya ba wanda zai ƙirga cokulan sukarin da maƙwabciya ta zuba. A lokacin yaƙi kowa na ƙirgawa. Shi ya sa waɗannan littattafai suke cike da zancen girki da shayi, kuma ba ado ba ne, hujjojin shari'ar ne. Sannan kusan kowa na da ɗan abin ɓoyewa: wannan ta musanya zuma da man shanu ta bayan gida, wancan ya yanka alade bai sanar da hukuma ba. Idan ɗan sanda ya zo tambaya, mutum goma za su yi ƙarya, tara saboda rabin laba na nama, ɗaya saboda gawa. Aikin mai bincike, da naki ke mai karatu, shi ne tsince ƙaryar da ke da nauyi daga cikin masu sauƙi.

Wannan ne ma ya sa mace take dacewa da zama mai binciken. Maza sun tafi, ɗan sandan ƙauye ya tsufa ko aiki ya yi masa yawa. Mata ne ke rarraba yaran da aka kwaso, su ke dafa 'ya'yan itatuwa da sukari a ƙungiyance don ajiya, su ke tuƙa motar asibiti, su ke zaune a gidan waya inda kowace wayar tangaraho mai ɗauke da labarin mutuwa take bi ta hannunsu kafin ta isa ga uwar yaron. Ilimin da ake rainawa a kira shi gulma, wato sanin wa ke gaba da wa, wa ya ci bashin wa, shi ne ke kama mai laifi. Tsohuwar da ake magana a gabanta kamar babu kowa a ɗakin, ita ce ta ji komai. Mata masu karatu sun daɗe da gane kansu a nan.

Bari in ɗan ratse, don labarin yana da daɗi. A 1941 Christie ta fitar da N or M?, labarin farautar 'yan leƙen asirin Jamus a wani gidan baƙi a bakin teku. Ta sa wa wani tsohon soja a ciki suna Manjo Bletchley. Bletchley kuwa shi ne wurin da Birtaniya ke fasa sirrin saƙonnin Jamus, abin da ba a bayyana wa duniya ba sai bayan shekara talatin. Hankalin hukumar leƙen asiri ya tashi, domin ɗaya daga cikin manyan masu aikin a can, Dilly Knox, abokinta ne. Aka sa shi ya bugi cikinta a wurin shan shayi. Ta ce jirgin ƙasa ne ya taɓa maƙalewa da ita a tashar garin, haushi ya sa ta ba mutumin da ba ta so a littafin sunan wurin. Wannan Dilly ɗin yayan Ronald Knox ne mai ƙa'idoji goma. Ita kanta a wannan yaƙin ta koma haɗa magani a wani asibiti a Landan, mijinta yana aikin soja a Arewacin Afirka, ta kuma rubuta littafin Poirot na ƙarshe ta kulle a banki don ba ta da tabbacin za ta rayu. Bai fito ba sai 1975.

Akwai bambanci da ya kamata ki riƙe tsakanin littattafan da aka rubuta a lokacin yaƙin da waɗanda ake rubutawa yau a kansa. Na lokacin, da yawansu ba sa son ambaton yaƙin ma. The Moving Finger na Christie, wanda ya fito a Amurka a 1942, labarin matuƙin jirgi ne da ya ji rauni ya tafi ƙauye hutawa ya tarar ana rarraba wasiƙun ɓatanci marasa suna, kuma da ƙyar za ki ji ƙamshin yaƙi a ciki. Masu karatunsa suna cikin ramin ɓuya, ba sa bukatar a tuna musu. Sun kuma karanta ne a kan takarda mai rauni da ƙananan haruffa, domin an rage wa masu buga littattafai takarda zuwa kashi 60 cikin 100 na abin da suka saba a 1940, daga baya ta yi ƙasa da kashi 40, ga kuma miliyoyin littattafai da suka ƙone a dare ɗaya, 29 ga Disambar 1940, lokacin da wuta ta cinye unguwar masu sayar da littattafai a Landan. Marubutan yau kuwa yaƙin ne jarinsu, kuma suna da wani abu da na farko ba su da shi: mai karatu ya san yadda ta ƙare. Mutanen cikin labarin suna kwana da fargabar ko gobe Jamusawa za su sauka, ke kuwa kin san ba su sauka ba. Tsoro ne wanda aka cire wa dafi. Kwanciyar hankalin ta zama biyu ke nan, za a kama mai kisan, kuma za a ci yaƙin. Ina zaton littattafanki huɗu daga wannan rukunin suke.

A nan ne kuma nake da ƙorafi, kuma ba zan ɓoye miki ba. Tun a 1944 marubucin Amurka Raymond Chandler ya soki irin wannan rubutu da cewa kisan cikinsa na roba ne, ba irin wanda mutane ke yi don dalilai na gaskiya ba. Ban yarda da shi duka ba, amma yana da rabin gaskiya. Da yawa daga littattafan yau suna sayar da hoton ƙasar da kowa ya haɗa kai, kowa na murmushi a layin kanti. Alhali laifuffukan da aka rubuta a Ingila da Wales sun ƙaru da fiye da rabi tsakanin 1939 da 1945, har da satar kayan gidajen da bam ya rusa. A 1940 an tsare dubban Jamusawa da Italiyawa mazauna ƙasar, da yawansu Yahudawa ne da suka gudo daga Hitler. Jirgin ruwan Arandora Star da ke kai wasunsu Kanada an nutsar da shi ranar 2 ga Yuli, mutum kimanin 800 suka mutu. Ƙauyen Tyneham a Dorset an tashi mutanensa a Disambar 1943 don horar da sojoji. Suka bar takarda a ƙofar coci suna roƙon a kula musu da gidajensu har su dawo, ba a kuma bar su sun dawo ba. Sannan ranar 14 ga Fabrairun 1945, a ƙauyen Lower Quinton, aka tsinci wani dattijo ɗan shekara 74 an kashe shi a gona da kayan aikinsa. Aka turo shahararren ɗan sandan ciki daga Landan, aka yi wa fursunonin Italiya da ke sansani kusa tambayoyi, mutanen gari suka kame bakinsu. Har yau ba a san wanda ya yi ba. Haka ƙauye na gaskiya yake yi wani lokaci.

Akwai kuma abin da ni a matsayina na Bahaushe ba na iya mantawa idan ina karatu. Man da matar limamin coci ke shafa wa burodi a madadin man shanu, wani kasonsa daga gyaɗar ƙasar Kano ya fito, wadda jirgin ƙasa ya kai Ikko aka loda a jirgin ruwa. Bayan Japan ta ƙwace Malaya, kuzar da Birtaniya ta dogara da ita ta koma ta Jos, kuma daga 1942 zuwa 1944 an yi ta kwasar talakawa aikin dole zuwa ramukan haƙar, da yawa ba su koma gida ba. Kakanninmu suna dajin Bama a runduna ta 81 da ta 82. Ba za ki ga ko ɗaya daga cikinsu a ƙauyen littafin ba. Ban ce marubuciyar labarin gindin murhu dole ta rubuta tarihin daular Ingila ba. Ina dai so mai karatu namu ya san cewa ɗumin ɗakin nan akwai itacenmu a cikin wutarsa.

Duk da haka ban daina karantawa ba, kuma ba na ganin laifin wanda ya nemi sauƙi a nan. Shekarun baya na yi jinyar mahaifiyata makonni a asibiti. Da dare, idan ta samu barci, nakan zauna a kan tabarma a gefen gadon, na'ura na ƙara, ana turo wani ana fitar da wani. Babu abin da ke hannuna. Ban iya karanta komai mai nauyi ba, ko jarida ta gagare ni. Abin da na iya shi ne wani tsohon littafi mai koren bango da ya rasa shafin farko. Ina bin wata tsohuwa tana ƙirga wa ya shiga ta ƙofar baya, kuma na san kafin asuba aƙalla tambaya ɗaya a duniya za ta samu amsa. Wata ma'aikaciyar jinya da ke zagayen ƙarfe uku ta saba tsayawa ta tambaye ni a hankali, Malam, an kama shi? Da na gama na bar mata littafin.

Idan kina son ki tantance mai kyau daga na kasuwa, gwajina ɗaya ne. Ki cire yaƙin a zuciyarki ki ga ko labarin zai tsaya. Idan zai tsaya yadda yake, to yaƙin fenti ne kawai, an shafa don a sayar. A littafi mai kyau dalilin kisan, ko hanyar yinsa, ko abin da ya tona asirin, dole ɗaya ya fito daga katin rabo, ko duhu, ko baƙon da ba a san asalinsa ba. Ki kuma duba yadda marubucin ya ɗauki mamacin. Wasu sukan sa wanda aka kashe ya zama mugun da kowa ya huta da shi, don kada ran mai karatu ya ɓaci. Ni na fi girmama wanda ya bar wani a cikin labarin yana kukan rashin, ko da mutum ɗaya ne. Ki lura kuma da wanda ake fara zargi. Marubucin kirki yakan bar gari ya nuna ɗan gudun hijira ko yaron da aka kwaso daga birni da yatsa, sannan ya juyo da yatsan cikin gida.

In kin gama huɗun nan, ki nemi na Styles ki fara da shi, tunda daga can abin ya taso, sannan ki bi da A Murder Is Announced na 1950 ɗin, wanda a ganina ya fi kowane nuna abin da yaƙi ya bari a ƙauye bayan an daina harbi. Akwai kuma Green for Danger na Christianna Brand, na 1944, wanda ke faruwa a asibitin sojoji a Kent lokacin ruwan bama-bamai, inda mara lafiya ya mutu a kan teburin tiyata, kuma waɗanda ake zargi duk likitoci ne da ma'aikatan jinya. Wannan kam ina jin za ki riga ni gano abin da ya faru a ɗakin tiyatar.